Satin da Ba a Taɓa Wayar Wudil Ba

Ni na zana hanyar da sabon kebul ɗin waya ya bi ta tsakiyar Wudil ya wuce bai tsaya ba, kuma a Wudil aka yanke mini cibiya. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don har yau in na je gida ɗaurin aure ko jana'iza ba a rasa mai nuna ni da leɓe.

Sunana Gwadabe. A shekarar 1978 ina aiki a sashen tsara layukan waya a Kano. Ni ba injiniya ba ne, ƙaramin jami'i ne mai tebur ɗaya da fensir da taswira, amma a Wudil duk wanda ya sa kaki ya sauko daga Landiroba injiniya ne, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Lokacin kuɗin mai sun yi wa gwamnati yawa. Duk abin da Bature ya zo da hotonsa a takarda mai sheƙi sai a ce a kawo. A cikin wannan yayi aka yanke shawarar shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa gabas, ya bi bakin titi, ya haye gadar Wudil, ya miƙa.

Tsohon layi wayar tagulla ce a kan turaku. Murya tana bin ta tana gajiya, kafin ta kai inda za ta ta zama shuuu da ƙaƙat-ƙaƙat, in an yi ruwa kuwa sai dai haƙuri. Sabon layin wani abu ne daban. Na'ura ce za ta daddatsa muryar mutum ta mayar da ita lambobi, ta tura su cikin kebul a ƙarƙashin ƙasa da gudun da hankali ba ya ɗauka, a can ƙarshe wata na'urar ta harhaɗa su su koma murya. Hira ɗari huɗu da tamanin a lokaci guda, kuma wanda ke Legas ka ji shi kamar yana bayan katanga. Duk bayan kilomita biyu sai a haƙa rami a binne wani akwati mai sabunta lambobin don kada su dusashe a hanya.

Sai dai kebul ya bi ta garinku ba shi ne kun samu waya ba. Dole a buɗe muku reshe, wato a gina ɗaki, a sa na'urar da za ta ware muku naku layukan, a kawo janareta biyu da ma'aikaci. In ba a yi wannan ba, kamar motar haya ce ta bi ta ƙofar gidanka ba a yi maka tasha ba. Aikin sashenmu shi ne mu tantance garin da zai samu reshe da wanda za a wuce.

Ina da dalilina na son reshen Wudil, kuma dalilin ba na gwamnati ba ne.

Mahaifina, Malam Ɗantani, dillalin shanu ne a kara. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Da na fara aiki sai ya samu mafita, ya riƙa ce mini Injiniya, kuma ko ina zaune a gabansa magana yake yi kamar da wani yake yi a kaina. Duk sakin fuskar da ya hana ni ita ya tara ya ba autarmu Hansai. Ita kaɗai ke zama a kan buzunsa, ita ke cin ragowar furarsa. Ta auri wani ɗan garinmu mai kai shanu kudu, suka zauna a Ibadan, a unguwar Hausawa. Shekara shida sau ɗaya ta zo gida. Hanya da nisa, ga 'ya'ya ƙanana huɗu, ga uwar miji kwance ba mai kula da ita sai ita.

Ta taɓa aiko da kaset. Aka kunna wa Baba, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kashe. “Wannan ai ba ya amsa gaisuwa,” ya ce. “Na ce mata ya gida, ya yara, ita tana can tana maganar tsadar manja.” Shi abin da yake so ya gaishe ta ta amsa, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta ce masa lafiya lau. Sau uku yana gwadawa a gidan wayar Wudil. Waya ɗaya ce a garin gaba ɗaya ta jama'a, a hannun wani akawu mai suna Bilya, sai an murɗa an samu afareta a Kano, shi kuma ya nemi Ibadan. Sau uku Baba yana tsayawa da kan waya a kunne yana jin shuuu. Ga shi kunnensa na hagu ya riga ya tafi, da na dama kaɗai yake ji.

Ranar da na ba shi labarin sabon layin, a zaure, sai da ya gama jan carbinsa tukuna. Sannan ya dubi ƙofa ya ce, “To, ashe Injiniya zai kawo mana Hansai har gida.” Wallahi ban taɓa jin daɗin wata magana a duniya kamar wannan ba. Da ita na kwana, da ita na tashi.

Dokar zaɓen gari mai sauƙi ce. Turawan kamfanin da aka ɗauko su ba da shawara sun ce ba su yarda da littafin akawu ba, sai abin da na'ura ta ƙirga. Za a maƙala wani ɗan akwati a jikin tsohon layin kowane gari, a kulle shi da hatimin dalma, ya yi kwana bakwai yana ƙirga duk kiran da aka yi. Garin da ya kai kira sittin a sati ya samu reshe. Wanda bai kai ba a wuce shi. Ban damu ba ko kaɗan. Na san Wudil. Ranar Alhamis da Juma'a kaɗai, in fataken shanu suka sauka don kasuwa, layi ake yi a ƙofar Bilya har bakin titi, kowa yana son ya ji farashi a Kano. Ko a mummunan sati ba a kasa tamanin.

Akwai doka ta biyu. Shugabanmu, Injiniya Wali, ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya wa mutanen gari abin da akwatin yake yi, don kada su yi ta buga waya ta ƙarya su kumbura lissafi. Ya dube ni musamman ya ce, “Malam Gwadabe, na san garinku yana ciki.” Na ce, “Yallaɓai, ko mahaifina ba zan gaya wa ba.” Na faɗa ina hura hanci, ina jin kaina mutumin kirki. Ban san a duk sashen ni kaɗai na ɗauki maganar da gaske ba.

Ranar wata Litinin na je na maƙala akwatin. Na buga Kano sau biyu don in tabbatar yana ƙirgawa, na danna hatimi, na ce wa Bilya kada ya buɗe, awo muke yi na kwana bakwai. Na biya gida na gaida Baba. Ya tambayi ƙofa, “Wane aiki Injiniya ya zo yi?”

Na ce, “Awon layi za mu yi, Baba. Kwana bakwai. Abin da awon ya nuna shi zai sa a ba mu sabuwar wayar.”

“Awo,” ya ce. Ya gyaɗa kai. “Allah ya ba da sa'a.”

Bai ƙara tambaya ba, don uba ba ya tsare ɗan fari da tambayoyi, ni ma ban ƙara bayani ba. Na shiga mota na koma Kano, kuma da gangan na ƙi taka Wudil duk satin, don kada wani ya ce na je na tura 'yan garinmu su buga waya. Kun ji irin hankalina.

Ranar Litinin ta gaba muka dawo da Baturen kamfanin, wani dogo mai jan wuya da kullum yake share gumi da hularsa. Tun daga nesa na hango mutum zaune a kan buzu a ƙofar gidan waya, ga buta ga sanda a gefensa. Da muka matso na ga Baba ne. Ya miƙe, ya gaida Baturen, ya naɗe buzunsa, ya kama hanyar gida ba tare da ya dube ni ba. Na ɗauka ya zo ganin yadda za a buɗe ne kunya ta hana shi tsayawa.

Baturen ya yanke hatimin, ya buɗe, ya leƙa, ya rubuta a fom ɗinsa. Na leƙa ni ma. Uku.

Na ce na'urar ta lalace. Ya murɗa waya ya kira Kano a gabana, lambar ta koma huɗu. Ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu a fom ɗin, ya miƙo mini in sa nawa a matsayin shaida. Na sa. Ya ninke takardar ya sa a jaka ya fita ya zauna a mota.

Na juya kan Bilya kamar zan cinye shi. “Layin ya mutu ne duk satin?”

“Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe,” ya ce, yana murmushi, yana jiran yabo. “Ai ba wanda ya taɓa. Yadda ka ce haka aka yi.”

“Yadda na ce me?”

Murmushin ya fara gushewa. Ya ce tun ranar da na tafi, da la'asar, Malam Ɗantani ya je wajen mai unguwa, aka sa mai shela ya zaga gari da kasuwa: ɗanmu Injiniya yana awon waya, kwana bakwai kowa ya yi haƙuri, kada a dame shi. Washegari Baba ya kawo buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar. Daga safe har a tashi aiki yana nan, sallah kaɗai ke tayar da shi. Duk wanda ya zo sai ya ba shi haƙuri ya mayar da shi. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ranar da dillali yake samun abin da zai ci sati, bai je kara ba. Fatake suka yi cincirindo, wani har ya ɗaga murya, Baba ya ce masa in saƙon na gaggawa ne ga direbobi can a tasha, shi zai haɗa shi da mai amana.

“Ni na ɗauka kai ka sa shi,” in ji Bilya. “Wa zai tsaya musu da mahaifin Injiniya?”

“To kira na ukun fa? Biyu nawa ne.”

“Wani sabon malamin asibiti ne, baƙo, bai ji shela ba. Ya faki idon Malam lokacin azahar ya shigo. Wallahi sai da Malam ya bi shi har asibitin ya yi masa faɗa.”

Na zauna a kan benci. Ban san lokacin da na fara dariya ba, irin dariyar da ba ta da maraba da kuka. Da na gaya wa Bilya abin da akwatin yake ƙirgawa, ya dafe kai ya yi salati. Na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, kuma Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa ba.

Na shiga gida. Baba yana zaure, fuskarsa a sake kamar ranar sallah. Rana ta ƙona shi ya yi baƙi, ya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya da hanya. Sannan ya ce wa ƙofa, “Ina fatan awon Injiniya ya fita tsaf. Mu dai mun yi namu. Mu a kara, in mai saye yana duba sa, yana taɓa tozo yana buɗe masa baki, kowa ja da baya yake yi, ba a ta da dabba. Na ce aikin yaron nan ba za a ɓata masa shi a garinsu ba.”

Yaron nan. Wannan ne mafi kusa da ya taɓa zuwa ga kiran sunana. Me zan ce? In ce Baba, kwana bakwai da ka yi a rana, kasuwar da ka bari, su suka hana ka jin Hansai? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “An gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Washegari na tsaya a gaban teburin Injiniya Wali na zayyana masa komai. Mutum ne mai tausayi, ya saurara, har ya cire tabarau ya goge. Na roƙi a sake awon, kwana bakwai kacal, ni zan sayi man mota. Ya ce Baturen ya tashi zuwa Legas da fom ɗin tun safe, kuma akwatunan an kwashe su zuwa wata jiha. Na kawo littafin Bilya na shekara guda, kira tamanin, casa'in, har ɗari da 'yan kai a satin babbar sallah. Ya ce ya yarda da ni, amma takardar kwangila ta ce na'ura, ba ta ce akawu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sakamakon sauran garuruwa. Akwai wani ƙauye a gaba, ba zan kama suna ba, da duk garin ba a yi mutum goma da suka taɓa riƙe kan waya ba. Abokin aikina da ya kai musu akwati ya raɗa wa surukinsa. Kira ɗari huɗu da sha ɗaya suka yi. Na ji an ce har tsofaffi aka riƙa kawowa su kira afareta su tambaye shi ƙarfe nawa. Sun samu reshe, da janareta biyu, da ɗaki mai fenti. Ni mai gaskiya na samu uku.

Na ɗauki hutu na tafi Legas da kuɗina. Kwana biyar ina zaman benci a hedikwata kafin wani mai kwat ya ba ni minti biyar a ofishinsa mai sanyi. Ya buɗe fayil, ya bi da yatsa har ya kai Wudil, ya juyo mini da takardar ya nuna mini sa hannuna a ƙasa. Ya ce kayan an riga an yi odarsu daga ƙasar waje a ƙirge, reshe goma sha ɗaya, ba na sha biyu, kuma in aka buɗe maganar gari ɗaya kowane gari zai taso. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai kashi na biyu na aikin nan da shekara uku, kuɗi ba matsala ba ne a ƙasar nan. Ya raka ni har ƙofa, mutumin kirki. Na fito na tsaya a bakin titi ina kallon motoci, ban san inda zan sa kaina ba.

Na koma Kano, aka miƙo mini babbar taswira aka ce in fitar da zane na ƙarshe. Da hannuna na ja layin daga Kano, na yi alamar rami bayan kowane kilomita biyu, na haye gada, na shiga garinmu na fita. A kan takarda Wudil ba ta da suna ma, rami na ashirin da biyu ce. Awo ya faɗa kusa da unguwarmu, kuma ina da ikon in matsar da ramin taku ɗari gaba ko baya. Sai na sa shi daidai ƙofar gidanmu, wai don Baba ya ga wani abu na aikin. Wannan ma wauta ce tawa.

Bayan shekara guda da rabi masu haƙa suka iso. Baba ya riƙa aika musu da kunu da safe. Suka binne kebul, suka gina ramin da siminti, suka sauke akwatin ciki, suka rufe da wani faffaɗan murfi na kankare. Da suka tafi, Baba ya ɗauke buzunsa daga zaure ya mayar kan murfin. Nan ya koma zama. Duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya bubbuga kankaren da sanda ya ce, “Ga ta nan ta iso ƙofar gida. Saura a fito da bakinta.”

Na ce masa sai kashi na biyu. Ya ce ba komai, abin da ya zo ƙofa ai ya zo.

Mutanen gari ba su da irin haƙurinsa. Da suka ji ƙauyen gaba suna magana da Legas kamar ana hira a ɗaki, aka fara cewa ɗan Malam Ɗantani ya sayar da rabon garinsu. Wasu suka ce ba ni da ƙafa a ofis ne, injiniyan baka ne kawai. Na shanye. Kowanne suka faɗa ya fi mini sauƙi a kan su gane abin da ya faru, su dubi tsohon nan da ya mayar da su daga ƙofar gidan waya.

A lokacin an riga an sabunta layin Kano zuwa kudu. Daga ofishinmu ina kiran gidan maigidan mijin Hansai, a aika a kira ta, mu yi magana tar. Na ce wa Baba ya zo in kai shi Kano, tafiyar awa guda, ya ji ta. Ya ɓata fuska. “Ni da waya take ƙarƙashin buzuna zan je Kano aro? Na gaya wa mutane ni zan fara magana a ta Wudil. In na tafi Kano me na ce musu game da aikin Injiniya?” Na sake gwadawa bayan wata shida, ya yi kamar bai ji ba. Na ƙyale shi, don ni ma a raina ina jiran kashi na biyun nan. Da na fito masa da gaskiya a lokacin, zai ji ciwo, amma da ya shiga mota. Na san haka, kuma na kasa.

Sai kuɗin mai suka ja baya. Aka fara tsuke bakin aljihu, Turawan suka tattara suka tafi, fayil ɗin kashi na biyu ya shiga kabad aka ɗora wasu a kansa. Ban ma sake jin wani ya ambace shi ba. Baba kuwa yana kan murfinsa, rani da damina, hira ɗari huɗu da tamanin tana ta wucewa a ƙarƙashinsa, ba ko ɗaya daga Wudil.

A farkon 1982 na je gida, Inna ta ja ni gefe a tsakar gida. Ta ce, “Kai ba ka lura ba? Sai an yi masa magana sau uku. Jiya ladan ya kira sallah yana zaune bai motsa ba.” Na fita na gaishe shi, na lura bakina yake kallo, shi da bai taɓa kallon fuskata ba. Amsoshinsa daidai suke, don gaisuwa ya san jerinta tun kafin a haife ni, amma da na sako wata magana a tsakiya sai ya ce, “Lafiya lau.”

Na yi abin da na iya, wato ƙarya. Na matsa kusa da kunnensa na dama na ɗaga murya na ce ofis suna neman dattijo ɗaya daga Wudil ya zo Kano ya gwada layin kafin a buɗe namu, kuma shi aka zaɓa. Sai da na maimaita. Da ya gane, ya ce wannan kuma aiki ne, ba aro ba. Ranar Talata ya sa babbar rigarsa ta sallah da rawani, na ɗauke shi a Landiroba. Na riga na aika wa Hansai ta kasance a bakin waya ƙarfe goma sha ɗaya.

Injiniya Wali ya san komai. Ya tashi ya ba Baba kujerarsa, ya gaishe shi a durƙushe. Na juya lambobin da kaina. Bugu biyu aka ɗauka. Muryarta ta fito tas, ba shuuu ba komai, irin layin da na yi shekara huɗu ina yi masa alkawari. Na sa masa kan wayar a kunnen dama, na riƙe masa.

“Baba! Baba, ina kwana? Baba, ni ce, Hansai!”

Daga inda nake tsaye ina jin ta. Injiniya Wali da ke bakin taga yana jin ta. Baba ya karkata kai, ya runtse ido, ya danna wayar a kunnensa da hannu biyu. Ya jira. Ya ce, “Salamu alaikum.” Ta amsa da ƙarfi, ta shiga jero masa sunayen yaran, ta ce ga mai sunansa nan zai gaishe shi. Wani ƙaramin yaro ya ce, “Ina kwana, Kaka.” Baba ya sake cewa, “Salamu alaikum,” ya jira.

Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke wayar a hankali ya miƙo mini, kuma a karon farko a rayuwata ya dube ni sosai, da tausayi, kamar ni aka yi wa rashi.

“Kada Injiniya ya damu,” ya ce. “Wannan ta Kano ce, hannu ya yi mata yawa. Bari tamu ta fito. Tamu ai ba wanda ya taɓa ta.”

Ya shiga gyara rawaninsa. Na kai wayar kunnena. Hansai tana kuka tana tambaya, “Yaya, ya ji ni? Yaya Gwadabe, don Allah, ya ji ni?”

Na ce mata ya ji.